Kujerar da Ba Kowa a Hoton Babanku

Hoton nan da ke rataye a falon gidanmu na Bukoki, wanda Babanku ke zaune cikin farar babbar riga da kek a gabansa, ga kujera ba kowa a gefensa, na gaji da jin bayaninsa daga bakinku. Duk baƙon da ya tambaya sai ku ce wai ranar ce Inna ta bar jirgin ruwa ya tafi saboda ƙullin yaji. Kuna faɗa kuna dariya, har jikoki sun haddace. Da bakina ban taɓa gyara muku ba, domin a lokacin maganar ba tawa ce ni kaɗai ba. Yanzu Babanku ya rasu, maƙwabciyarmu Gambi ma ta bi shi, ba sauran wanda zan rufa wa asiri. Zan faɗi yadda aka yi, kuma ku sani ba haƙuri nake ba kowa ba.

Da farko dai, ba ni na ce a kai ni ba. Halima ce, 'yar'uwarku mai aikin jinya a Beljik, ta ƙudura a ranta cewa tun da aurenmu ya cika shekara arba'in sai ta yi mana abin da Turawa ke yi wa tsofaffinsu, wato ta zuba mu cikin jirgin ruwa a yi ta yawo da mu a ƙasar Norwej. Ni da na yi rabin rayuwata a Yamai, kogi na gefen gari, ban taɓa sa ƙafa a kwalekwale ba. Ko gada za a haye da ni zuwa Harobanda, rufe ido nake yi a cikin taksi har sai na ji an sauka. Na gaya mata haka a waya, ta ce wannan bato ne, ba kwalekwale ba, otel ne sukutum da ke tafiya. Babanku kuwa, tela mai shekara saba'in da ɗoriya, sai rawar kai kamar yaron da aka yi wa alkawarin kayan salla. Idonsa ya riga ya fara rauni, amma ya hau keke ya ɗinka wa kansa babbar riga, ya ɗinka mini doguwa daga yadi ɗaya, domin Halima ta ce akwai daren da za a yi mana walima a cikin jirgin.

Kun san halin unguwarmu. Da zarar an ji za ka Turai, ka zama motar kaya. Wata ta kawo saƙon ɗanta da ke Italiya, wani ya kawo na ƙanensa da ke Amerika, wai ai duk can ne. Na kore su duka, har da waɗanda suka yi fushi. Gambi ce ban iya kora ba. Ku ƙananan kun san ta da tsufa ne kawai, tana sayar da dambu a bakin ƙofa, amma Bazabarmar nan katanga ɗaya ta raba mu tun ranar da muka sauka daga Maradi ba mu san kowa ba. Ita ta goyi Halima wata da watanni lokacin da na kwanta ciwo. Ɗanta na fari, Karimu, ya daɗe yana aiki a wata izin, wato masana'antar sarrafa kifi, a Norwej ɗin. Da can yakan zo hutu. Sai ya daina, kullum da sabon dalili. Ta shigo mini da hantsi, da ƙulli a leda baƙa, ta zauna a bakin gado.

"Yaji ne da kuka da dakuwa," ta ce. "Amma ba su na aike ki ba, Hajiya. Yaron nan, in ya kira ni, fuska kaɗai yake nuna mini, kamar hoton katin shaida. Ki gan shi da idonki, daga kai har ƙafa, ki zo ki gaya mini."

Ba ta kama sunansa, kun sani, ɗan fari ne. Na ce mata Norwej ƙasa ce, ba kasuwa ba da zan shiga ina tambayar rumfarsa. Ta ce ta sani. Ta dai ajiye ƙullin a kan cinyata, ni kuma ban ɗauke shi na mayar mata ba. A wurinmu wannan ya isa amsa.

Da muka isa Beljik na matsa wa Halima ta kira shi. Sai ga ikon Allah, garin da yake zaune na bayan dutse ne daga ɗaya daga cikin wuraren da jirginmu zai tsaya. Ya yi ta gaisuwa, ya ce in sha Allahu zai zo bakin ruwa ya same mu. Na saurari wannan in sha Allahun da kyau, ban ji daɗinsa ba. Irin wanda tela ke yi ne ana jibi salla, kuma ni da tela nake zaune.

Ba zan ɓata takarda a kan jirgin ba. Abinci ne daga safe har safe, da tsofaffin Turawa kwance a rana wadda ba ta ɗuma ko ɗan yatsa. Ranar kuma ba ta faɗuwa yadda ya kamata, Babanku ya yi ta rigima da agogo a kan lokacin magariba, ga alƙibla da ke juyawa duk sanda jirgin ya karkata. Muka shiga abin da Halima ke kira fiyor, wato wani reshen teku da ya kutsa tsakanin duwatsu, dogo, siriri, ruwansa baƙi ƙirin, duwatsun sun miƙe dama da hagu sai ka ɗaga kai har kallabi ya zame. Kowa na ta ɗaukar hoto. Ni abin da nake tambayar kaina shi ne ina ƙasan ruwan nan yake.

Ranar da muka iso garin, sai na leƙa taga na ga ba mu a bakin gaɓa. Jirgin ya yi wa wurin girma, ya tsaya a tsakiyar ruwa, gidaje na can nesa ƙanana. Wai duk mai son sauka sai ya shiga wasu ƙananan jirage rufaffu da ke kaiwa da komowa. Na tsaya ina kallon ɗaya yana tsalle a gindin namu, ana yayyafi. Kuma ranar ce ranar walimar. Kuma tun safe wayar Karimu a kashe. A ɗakinmu aka yi shawarar, in har za a kira wannan shawara. Babanku na kishingiɗe a gado, ya rataye babbar rigarsa a ƙofa don kada ta yamutse.

"Maman, bai ɗauka ba," in ji Halima. "Sau nawa zan kira? Mu bari, in mun koma Beljik in aika masa ta post."

"Idona za ki sa a post ɗin?"

"Ga ruwa ana yi, ga gwiwarki. Kuma ki ji da kyau, wannan ba motar Maradi ba ce da direba zai tsaya yana cewa saura wata Hajiya ta tahi fitsari. In lokaci ya yi, tafiya yake yi."

"Hajiya, ki zamna," in ji Babanku. "Yaron da ya kashe waya ya riga ya ba ki amsa. Mi za ki je nema? Kin kai saƙo iyakar inda Allah ya nufa. Gambi ba za ta riƙe ki ba."

Gaskiya ya faɗa, Gambi ba za ta riƙe ni ba, kuma abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Da mai mita ce, da na zauna na ci abincina. Amma na san yadda za a yi. Zan koma in ce ban gan shi ba, ta ce ba komai, ta yi mini sannu da hanya, ta koma bakin ƙofarta. Daga nan kullum na fito zan wuce ta gabanta, ta gaishe ni da fara'a, ni da na zo har inda nake hango dutsen da ɗanta ke bayansa na fasa saboda yayyafi. Na duba ruwan, na duba rigar da ke rataye, na duba ƙullin. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba, tsoron da ban taɓa jin irinsa ba ko a ɗakin haihuwa. Na tashi na ɗaura zane a kan wandon sanyin da Halima ta tilasta mini.

"Za mu komo kafin walima," na ce wa Babanku.

"Allah ya sa," ya ce, bai dube ni ba.

Yadda na shiga ƙaramin jirgin nan, gara da ba ku gani ba. Ƙofa ce a jikin babban jirgin daf da ruwa, ƙaramin na hawa yana sauka, ana ce mini in taka. In taka me? Duk sanda na ɗaga ƙafa sai wurin takawar ya gudu. Layi ya taru a bayana, Halima na ta ba mutane haƙuri da Faransanci. A ƙarshe ma'aikata biyu suka kama ni ta hammata suka sauke ni kamar buhun gero. Na karanta duk abin da na sani, ido a rufe, ƙullin Gambi a ƙirjina, har aka ce mun iso.

Garin bai kai rabin Bukoki ba. Titi ɗaya, shaguna masu sayar da rigunan sanyi da wasu munanan 'yan tsana masu dogon hanci, sai wata rumfa mai benci a bakin ruwa inda ake jiran jirgi. Nan na zauna. Mutanen jirginmu suka watse, suka hau manyan motoci zuwa kallon ruwan da ke zubowa daga dutse, suka dawo, ina nan. Halima ta yi ta kira, ta sayo mini shayi, ta sake kira. Na yi azahar a zaune, na yi la'asar a zaune. Ƙafafuna suka daina jin komai. Duk baƙar fatar da ta gifta sai in miƙa wuya, kuma ba su da yawa. Can sai ma'aikatan suka fara naɗe tantin da suka kafa a bakin gaɓa, wani ya zo ya yi wa Halima magana yana nuna agogo.

"Maman, wannan ne na ƙarshe. Tashi."

"Ke dai ki tahi."

"In tahi in bar ki ina? Kin san inda kike kuwa?"

"Ina inda aka ce zai zo."

"Ba zai zo ba! Papa na can ya sa riga yana jiranki. Wata nawa na yi ina shirya wannan daren? Saboda ɗan wata za ki yi mana haka?"

"Watan ce ta goye ki," na ce.

Ba ta da zaɓi, kuma na san ba ta da shi. Babanku na da ciwon sukari, allurarsa ta yamma Halima ke yi masa tun da muka taso, shi kuwa bai taɓa yarda ya koyi soka wa kansa ba, mutumin da ya yi shekara hamsin da allura a hannu. Ta tsaya tana kallona tana kallon jirgi, hawaye na zuba, ta ce ban taɓa jin maganar kowa ba a duniya. Ta cusa mini fasfo ɗina da wayarta ta biyu a aljihun manto, wato rigar sanyina, ta ruga shagon 'yan tsana ta yi wa matar wurin bayani, ta shiga jirgin ba ta waiwayo ba. Kada ku ce ban ji komai ba. Da babban jirgin ya yi kukansa, duwatsun suka amsa, ya fara juyawa a hankali da mijina da 'yata a ciki, sai da na riƙe bencin da hannu biyu. Na ce a raina, Rabi, yau kin kai ƙarshen taurin kai.

Jirgin bai gama ɓacewa ba sai na ji an buɗe ƙofar mota a tsallaken titi. Wata ƙaramar mota ce ruwan toka, tana wurin tun isowarmu, na ma gaji da ganinta. Wani dogo ya fito cikin babbar rigar sanyi, ya tsallako yana tafiya kamar wanda aka kira wurin hukunci. Karimu ne, tafiyar ubansa sak. Ya durƙusa a gabana a kan jiƙaƙƙen siminti.

"Inna, ina wuni."

"Tun yaushe kake cikin motar can?"

"Tun safe."

Wallahi da ina da ƙarfin ɗaga hannu da na mare shi. Tun safe! Yana zaune cikin ɗumi yana kallona ina daskarewa, yana kallon Halima na kuka, yana jira in gaji in tafi don ya ce ya zo bai same mu ba. Na wanke shi tas, da Hausa, da ɗan Zabarmancin da na iya, har matar shagon ta leƙo. Da numfashina ya ƙare na ɗauko ƙullin na miƙa masa, na ce ga saƙon uwarka, karɓi in huta. Sai ya miƙo hannun hagu. Nan wani sabon haushi ya taso mini. Na janye ƙullin.

"Da hagu? Saƙon uwar taka za ka karɓa da hagu? Turai ce ta koya maka, ko a gidan Gambi ka gani? Fiddo hannunka daga aljihu, ka karɓa kamar ɗan mutane."

Ya daɗe kansa a ƙasa. Sannan ya zaro na daman daga aljihu. Hannun rigar ne ya fito, an naɗe bakinsa an maƙale da fil. Daga wuyan hannu ba komai.

Injin yankan kifi ne, in ji shi, shekara biyu da suka wuce. An yi masa magani, an ba shi wani aikin a ofis, ba ya rasa komai. Akwai ma na roba a gida, ba ya son sa ne. Ya yi ta jero mini wannan da sauri kamar mai karanta sanarwa. Na ajiye ƙullin a benci. Na kama hannun, na cire fil ɗin, na naɗe rigar sama, domin an ce in gani da idona. Wurin ya warke, sumul, da ɗumi. Na riƙe shi a tafina. A nan ne ƙaton mutumin nan ya kifa kansa a gwiwata, gwiwar mai ciwo kuwa, ya yi kukan da nake jin bai yi ba tun ranar da abin ya faru.

"Inna, don Allah kada ki gaya mata. Hawan jini gare ta."

"Ba kai ka aiko ni ba," na ce.

"Za ta mutu."

"Tana mutuwa tun yanzu, a bakin ƙofa, da kaɗan-kaɗan. Kai kana ganin uwa ba ta san an ɓoye mata abu ba?"

Ya ɗauki ƙullin ya yi ta fama da shi a kan cinya. Kun san ɗaurin Gambi, ko mai hannu biyu sai ya haɗa da haƙori. Na karɓa na kwance masa, na ɓallo dakuwa na sa masa a tafin hagun, ya ci yana jan hanci. Daga nan ya kai ni gidansa, yana tuƙi da wani mariƙi da aka ɗaura wa sitiyari, ya bar mini gadonsa. Washegari muka bi ta hanyoyin da aka huda cikin duwatsu har garin da jirgin ya sake tsayawa, wannan karon a bakin gaɓa, alhamdu lillahi.

Na shirya wa faɗan Babanku, na tanadi amsoshi tun a mota. Bai yi ba, kuma wannan ya fi faɗan ciwo. Yana zaune a bakin gado, rigar na ninke a kan akwati, tawa doguwar na rataye inda na bar ta.

"An aje miki kek," ya ce. "Yana cikin firigo."

Daga baya na ji yadda aka yi. Ya ƙi a fasa walimar, don kada wahalar Halima ta tashi a banza. Ya sa rigarsa, ya zauna, ma'aikata suka kewaye shi suna waƙa da tafi, ya hana a ɗauke kujerata. Na gaya masa abin da na gani, shi kaɗai. Ya dubi nasa hannun na dama, ya ce Allah ya sa kaffara ce. Bai ce na yi daidai ba, bai ce na yi kuskure ba, har ya koma ga Allah kafin damina ta zagayo. Ba mu taɓa sa kayan nan tare ba. Halima kuwa kusan shekara ta yi tana gaishe ni kamar ma'aikaciyar banki. Wannan shi ne abin da na biya, kuma ba sai kun tuna mini da shi ba duk sanda aka yi baƙo.

Ranar da muka sauka Yamai ban ko kwance kaya ba na zagaya gidan Gambi. Tana tsakar gida tana tsince zogale. Ta kori jikokinta, ta jawo mini kujera. Ba ta tambaye ni hanya ba, ba ta tambayi Babanku ba, ta dai zuba mini ido. Na gaya mata duka, ban rage ba, ban yi kwana-kwana ba: yana lafiya, bai rame ba, yana da aiki, hannunsa na dama ya tafi daga nan, na nuna mata a nawa. Na jira ihu. Na ma riga na duba inda randa take ko za a bukaci ruwa. Ta ci gaba da tsince ganyen da ke hannunta har ta gama reshen, ta ajiye.

"Na ce ko ƙafa ce," ta ce a hankali. "Kullum ina cewa ƙafa ce." Ta goge tafinta a zane. "Kin taɓa wurin?"

"Na taɓa."

"Da wanne?"

Na miƙa mata na dama. Ta kama shi da hannu biyu, ta juya tafin sama tana dubawa kamar an bar wani abu a ciki, sannan ta ɗora shi a kumatunta ta rufe ido. Muna nan a haka aka kira magariba, ba ta sake ni ba, ni ma ban janye ba.